“Daji Ba Ya Son Allura”: Wata Tara da Muka Yi Asara a Jinyar Inna

Ni ɗan fari ne a wurin mahaifiyata, kuma duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe irin na da ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta kama sunana. Idan tana son ganina sai ta ce da ƙanwata, “Kira min wancan.” A haka na girma, na yi aure, na buɗe kemis a bakin kasuwar garinmu, na shekara goma sha biyu ina sayar da magani. Mutanen unguwa suna kawo min ciwon kai da zazzaɓinsu, amma ranar da Inna ta ji ƙullutu a mamanta na hagu, ni ne na ƙarshen ji a gidan. Kunya ba za ta bar ta ta faɗa min ba. Ƙanwarta, wadda muke kira Iya, ita ta same ni a shago bayan la'asar ta ce, “Yayata fa akwai abin da take ɓoyewa, wata biyu ke nan.”

Washegari muka je babban asibitin garinmu. Likita ta duba ta, ta tura mu sikanin. Ƙullutun bai wuce girman ƙwallon dabino ba, santimita 2 da ɗan wani abu, yana da tauri, ba ya ciwo, hammata kuma babu kaluluwa. Ta rubuta mana takarda zuwa asibitin koyarwa, ta ce za a sa allura mai ɗan kauri a ɗebo tsoka kaɗan a auna, don hoto kaɗai ba ya tabbatar da sankara. Ta ce kada mu wuce sati biyu ba mu je ba.

A daren ne aka yi zaman da har yau yake hana ni barci. Kawu da Iya da wata gwaggonmu suka taru a tsakar gida, bakinsu ya zo ɗaya: wannan daji ne, daji kuwa ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, ana taɓa shi zai fantsama. Kowa ya kawo sunan wata da aka yanka a asibiti ta rasu. Inna tana ɗaki tana ji. Ni da ake ganin na san magani, ni ya kamata in ce a'a. Ban ce ba. Na ji tsoron a ce ɗan fari ya kai uwarsa an yanke mata mama, na ji tsoron kuɗin da ban da shi, kuma can ƙasan zuciyata ina fatan su ne masu gaskiya. Takardar likita ta koma cikin akwatin Inna, ƙarƙashin zannuwa.

Sai daga baya na gane inda wannan magana ta samo ƙarfinta. Kalmar daji a bakinmu buhu ce, komai ana zubawa a ciki. Kumburin ƙafa mai zafi da ƙwayoyin cuta ke kawowa, daji ne. Maruru mai zurfi, daji ne. Gyambon mai ciwon suga, daji ne. Ƙullutun mama kuwa mafi yawansu ba sankara ba ne tun asali, wasu ruwa ne ya taru, wasu tsiro ne mara illa da ke fito wa 'yan mata. Irin waɗannan wasu sukan fashe su warke, wasu su baje da kansu. Mai magani ya ba da jiƙo, abu ya tafi, shi ke nan an samu shaidar ya warkar da daji, alhali ba wanda ya taɓa auna abin da ke wurin. Matan da ake cewa an yanka sun mutu kuma, yawancinsu sai da cutar ta ci jiki aka kai su. Allurar ɗiban tsoka ba ta da laifi a mutuwarsu.

Mutumin da muka je wurinsa a rediyo muka ji shi. Yana da fili na rabin awa duk mako, ana kiransa Dakta, mata suna bugo waya suna godiya. Abin da ya kama ni shi ne da ya ce maganinsa yana da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Sana'ata ke nan, kullum lambar nake dubawa kafin in karɓi kaya daga hannun dillali. Da na ga lamba a jikin kwalbar sai hankalina ya kwanta, har na ce da Kawu, “Wannan gwamnati ta san da shi.”

Abu uku ya ba mu. Kwalba mai lamba, cokali biyu safe da yamma. Jarkar jiƙo mai lita huɗu wadda ba ta da rubutu ko ɗaya, kofi guda sau uku a rana, duk sati biyu a dawo a sake. Sai wani baƙin ƙulli da ya ce ba yanzu ba, sai lokacin fitar da dajin ya yi. Ya kafa sharaɗi: ba allura, ba asibiti, ba nama, ba mai. Bai ba mu rasit ba, mu ma ba mu tambaya ba. Kafin a gama, gonar Inna ta gado ta tafi, da rabin jarin shagona.

Wata biyun farko mun yi murna. Inna ta soma cin abinci kamar ba ita ba, fuskarta ta ciko, ciwon gwiwar da ta daɗe da shi ya lafa. 'Yan dubiya suna cewa jiki ya yi kyau. Ni da nake korar 'yan mata masu neman sha-ka-fashe a shagona, ban gane fuskar da ke gabana ba. Kumatu sun yi zagaye, wuya ya yi kauri, ƙafafu kuwa suna ramewa, ga yawan fitsari da ƙishirwa. Alamomin dexamethasone ke nan da danginsa. Ƙwaya ce mai arha, ana daka ta a zuba a jiƙo, tana buɗe ciki, ta rage kumburi da raɗaɗi, mara lafiya ya ji kamar ya warke. Ba ta taɓa sankarar mama, sai dai ta tayar da suga da hawan jini, ta raunana garkuwar jiki. Wanda ya daɗe yana sha kuma ba a yanke masa ita rana ɗaya, sai likita ya riƙa ragewa a hankali, in ba haka ba jini zai iya faɗuwa mutum ya sume.

A wata na biyar ƙullutun ya kai ƙwan kaza. Muka koma, ya ce alama ce mai kyau, dajin ya taru wuri ɗaya, yanzu za a fitar da shi. Iya ce take shafa baƙin ƙullin, a ɗaure da tsumma kwana uku. Daren farko ina zaure ina jin nishin Inna, mace mai haƙurin da ban taɓa jin kukanta ba. Fatar ta ƙone ta yi baƙi, bayan kwana goma ɓawon ya faɗo da nama a jikinsa. Mutumin ya sa aka kai masa a leda, ya ɗaga yana nuna wa mutanen da ke layi, wai ga dajin ya fito. Fatar Inna ce da kitsen da ke ƙarƙashinta. Tsiron yana nan a ciki, sai dai yanzu an buɗe masa ƙofa. Mikin bai sake rufewa ba. Ya soma ruwa, ya soma wari, Inna ta daina fita ko gaisuwar mutuwa, ta daina barin jikoki su hau cinyarta.

Ciwon baya ne ya kawo ƙarshen taurin kanmu. A wata na tara ta kasa miƙewa daga sujada, idanunta kuma sun yi ɗorawa kamar mai shawara. Ban nemi shawarar kowa ba a wannan karon. Na tsaya a bakin ƙofarta na ce, “Inna, gobe da asuba za mu tafi asibiti.” Ta yi shiru, can ta ce, “To.”

A asibitin koyarwa abin da aka ce mu yi tun farko shi aka yi, cikin minti ashirin, da allurar kashe zafi. Sakamakon tsokar ya fito bayan sati biyu, sannan aka ƙara wani awon a kan tsokar don a san ko irin sankarar da sinadarin jikin mace ke ciyarwa ce, da kuma ko tana da abin da suke kira HER2, domin maganin kowacce daban ne. Aka yi hoton ƙirji, sikanin ciki, hoton ƙashin baya, awon jini, na hanta da na ƙoda. Tsiron ya wuce santimita 7, ya ci fata, hammata cike da kaluluwa, ya kuma sauka a ƙashin baya. Mataki na huɗu. Likitan ya karɓi tsohuwar takardar sikanin da na ciro daga akwati, ya daɗe yana kallon kwanan watan da ke jiki. Bai yi min faɗa ba. Ya ce a wancan lokacin aiki da kemo (ɗurin maganin kashe sankara) da gashi (ƙona tsiron da hasken inji) za a yi da niyyar warkewa, yanzu kuwa za a yi ne don a rage ciwo a ƙara kwana.

Ko kemon ma ba a fara nan take ba. Hantarta ta kumbura, kuma sikanin bai nuna sankara a cikinta ba, jiƙon ne ya ji mata. Yawancin magungunan kemo ta hanta da ƙoda suke fita, in waɗannan ba su da lafiya maganin zai taru ya zama guba. Sati biyar muka ƙara jira, an tsayar da duk abin da take sha, ana saisaita suga.

A cikin wannan jiran ne na kai kwalbar ɗakin magani na asibitin. Wata ma'aikaciyar harhaɗa magunguna ta juya ta, ta sa farce a ƙarshen lambar ta ce, “Malam, ka ga wannan harafin L ɗin?” Shekara goma sha biyu ina duba lamba, ban taɓa sanin ma'anarsa ba. Ta yi min bayani. Maganin gargajiya mai L a ƙarshen lambarsa an sa shi ne a jeri na wucin gadi, na shekara biyu, bayan an gwada samfurin da mai shi ya kai an ga ba ya cutarwa. Ba a gwada ko yana warkar da wani abu ba. Cikakkiyar rajista sai an yi gwaji a kan marasa lafiya an nuna yana aiki. Shi ya sa ake wajabta rubuta wani layi a jikin kwalbar mai cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Ta nuna min layin, da Turanci, da ƙananan baƙaƙen da sai na matso da shi kusa da ido. A jikin kwalbar ma babu kalmar sankara ko ɗaya, ƙarin kuzari aka rubuta. Sankarar a bakinsa take, a rediyo. Jarkar da baƙin ƙullin kuwa, waɗanda su suka yi ɓarnar, ba su taɓa shiga hannun wata hukuma ba. Kwalbar aka sa a gaba ta yi musu inuwa.

Daga nan na shiga neman sanin doka, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne dokar tana nan. Tun 1974 Dokar Abinci da Magunguna ta Najeriya ta hana a tallata wa jama'a wani magani ko abinci a matsayin rigakafi ko waraka ga wasu cututtuka da ta jera, sankara na cikinsu. NAFDAC da aka kafa a 1993 ita ke yi wa magani rajista, kuma lambar rajista ba izinin talla ba ce, talla sai an kai mata rubutunsa ta amince daban. Wanda ba ya cikin rajistar majalisar likitoci ta ƙasa ba shi da ikon gabatar da kansa a matsayin likitan asibiti. Ashe duk abin da muke saurara rabin awa kowane mako, daga farkonsa har ƙarshe, abu ne da doka ta hana.

Na je na kai ƙara wani ofishi. Suka tambaye ni rasit, lambar zubin maganin, ragowar jiƙon, da rikodin na tallar. Jarkar Iya ta wanke ta tana zuba manja, rasit babu, mutumin kuma ya tashi daga shagon ya koma wata jiha da sabon suna. Shi ya sa duk wanda ya zo min da irin wannan nake ce masa ya adana kwalba da kwalinta, ya rage jiƙon a kwalba mai tsabta, ya biya ta banki don shaida ta zauna, ya ɗauki tallar a waya. Lambar kuma a duba ta a manhajar Greenbook ta NAFDAC, a ga ko sunan magani da na kamfani sun dace da ita, domin ana ɗaukar lambar wani kaya a manna wa wani. Illar da magani ya yi ana iya kai rahotonta ta manhajar Med Safety ko ta ɗakin magani na asibiti.

Wannan masifa ba tamu ce mu kaɗai ba. Ingila ta yi dokar hana tallar maganin sankara ga jama'a tun 1939. A Amurka an yi wani Harry Hoxsey da ya shekara da shekaru yana sayar da jiƙo da ƙulli mai ƙona fata, irin wanda aka shafa wa Inna, sai da hukuma ta rufe wurarensa, sana'ar ta ƙaura Tijuana a Meziko a 1963. An kuma yi yayin laetrile, wanda ake samu daga ƙwallon wani ɗan itace, mutane suka yi ta cewa gwamnati ce ke ɓoye musu waraka. Abin da ya burge ni shi ne ba a tsaya ga hani kawai ba, gwada shi aka yi a kan marasa lafiya 178, aka fitar da sakamako a 1982: bai warkar da kowa ba, wasu ma sun nuna alamun gubar sayanayid. A 2018 masu bincike a Jami'ar Yale suka bi bayanan masu sankarar da ba ta bazu ba, suka ga waɗanda suka bar maganin asibiti suka riƙe na gefe kaɗai haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi, a sankarar mama kuwa ya haura sau biyar.

Ba gaba nake yi da itatuwa ba, kuma na san masu maganin gargajiya na kirki waɗanda da sun ga ƙullutu suke cewa a tafi asibiti. Paclitaxel, maganin kemon da aka ɗura wa Inna, asalinsa daga ɓawon wata bishiya ne. Vincristine da ake ba yara masu sankarar jini daga wani fure ne ɗan asalin Madagaska, wanda ake shukawa don ado a gidajenmu. Bambancin shi ne an ciro sinadarin, an san awonsa, an gwada, an rubuta wanda ya warke da wanda ya mutu. Addu'a kuwa ba mu taɓa dainawa ba, likitoci ba su hana Inna zumarta ba sai don suga. Abin da nake so gwamnati ta yi a fili yake: gidan rediyon da ya karɓi kuɗin irin wannan talla ya ɗauki alhakinta, a riƙa sayen jiƙo a kasuwa ana aunawa maimakon dogara da samfurin da mai shi ya kawo da hannunsa, a rubuta layin gargaɗin nan da Hausa da manyan baƙaƙe, sannan duk mai karɓar masu daji a tilasta masa tura su awo kafin ya ba su ko cokali ɗaya. Amma na san hani kaɗai ba zai isa ba. Muddin injin gashi yana nesa da talaka da tafiyar yini, kemo kuma ya fi ƙarfin aljihunsa, mai lasifika zai ci gaba da samun layi. Akwai asusun tallafin masu sankara na gwamnatin tarayya da ya fara aiki a 2021 a wasu asibitocin koyarwa, don sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza (prostate). A ofishin walwalar marasa lafiya ake tambayarsa, kuma gara a nema tun ranar da sakamako ya fito.

Inna ta yi kemo zagaye shida, kowane bayan kwana 21, kafin kowanne sai an auna jini. Tsakanin kwana na 7 da na 14 fararen ƙwayoyin jini ke sauka, aka ce in zafin jikinta ya kai digiri 38 kada in ba ta komai daga shagona, in kawo ta ko da tsakar dare ne. Sau ɗaya hakan ta faru. Gashin kanta ya zube, ta ce dama ɗankwali ya rufe. Aka yi mata gashi a ƙashin baya, ciwon ya sauka har ta koma sallah a tsaye. Awon tsokar ya nuna irin mai jin maganin sinadari ce, aka ɗora ta a kan tamoxifen, miligiram 20 kullum. Mikin kuma wata nas ta koya wa ƙanwata: a wanke da ruwan gishiri na asibiti ba tare da gogewa ba, a barbaɗa garin metronidazole don warin, a jiƙa bandeji kafin a cire shi don kada ya yi jini. Cikin kwana huɗu warin ya ragu, jikoki suka dawo ɗakin. A watannin ƙarshe ruwan mofin, mai kashe raɗaɗi, take sha duk awa huɗu, tare da maganin sassauta ciki, don yana ɗaure bayan gida.

Ta yi shekara biyu da wata uku bayan ranar da muka shiga asibitin. Wani dare ina zaune a bakin gadonta na ce, “Inna, ki yafe min, ni ya kamata in hana.” Ba ta dube ni ba, bango take kallo kamar yadda ta saba. Ta ce, “Ni na ɓoye. Allah ya yi maka albarka. Ka kula da ƙannenka mata.” Ita ce magana mafi tsawo da ta taɓa shiga tsakaninmu. Ta rasu ranar wata Alhamis, bayan sallar asuba.

Bara ƙaramar ƙanwata ta ji ƙullutu a dama. Ta kira ni da kanta a waya. Cikin kwana goma sha biyu an yi sikanin, an ɗebi tsoka, sakamako ya nuna tsiro ne mara illa, aka cire shi ta koma gida a ranar. Kawu ne ya biya kuɗin motar. Kwalbar mai harafin L tana nan a kan kantar shagona, kusa da ma'aunin zafi, ina nuna wa masu shigowa inda za su duba. Ranar kasuwa kuma motar masu magani takan tsaya a tsallaken titi da lasifika biyu a samanta, suna lissafa basir da sanyi da daji, mata suna miƙa kuɗi ta taga.